Ko Kwalliya Ta Biya Kuɗin Sabulu? Siramik ɗin da Na Sa wa Baƙar Motata a Birnin Kebbi

Hantsi ne, a harabar ofishinmu, na fara jin haushin fentin motata. Na fito ɗauko wata takarda da na manta a kujerar baya, rana ta daki bonet, sai ga wasu siraran zane-zane sun kewaye hasken kamar saƙar gizo-gizo. Na shafa da yatsa ban ji komai ba. Na matsa gefe, suka biyo ni. Duk inda hasken ya sauka nan suke taruwa. Motar Camry ce baƙa, ƙirar 2010, wadda dillalai ke ce wa Muscle. Ba ta fi wata takwas a hannuna ba, kuma ranar da aka kawo ta mutum yana iya gyara zaman hularsa a jikin ƙofa.

Ba ni da wanda zan ɗora wa laifi, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tun a wurin ciniki ƙanina ya ce in ɗauki mai ruwan toka da ke gefenta, na ƙi, don baƙar ta fi cika ido. To ga Birnin Kebbi, garin da zafi ke haura maki 40 a watan Afrilu, hunturu kuma ya zo da ƙurar da ko a cikin aljihun riga sai ka same ta.

Ƙanin nawa dai shi ya sake turo mini bidiyo ta WhatsApp. Wani ne a gareji mai fararen fitilu, ya watsa ruwan laka a kan bonet, lakar ta sulale ba ta bar ko ɗigo ba. Ya ƙwanƙwasa laita a jikin fentin, ya goge, babu tabo. Har fetur ya yayyafa ya kunna wuta. A ƙasan bidiyon an rubuta 9H da manyan baƙaƙe, da garanti na shekara biyar. Ya ce siramik ake ce wa abin, kuma ba sai na je Abuja ba, akwai wani yaro a nan garin da ya koyo aikin a can ya dawo ya buɗe shago.

Kafin in je wurin yaron sai da na biya ta garejin wani dattijo mai fenti, wanda mahaifina ke kai wa 504 ɗinsa tun muna firamare. Na same shi yana gurzar ƙofar wata bas. Ya zagaya motar sau ɗaya, bai tsaya kan bonet ɗin da ke damuna ba, sai ya ɗaga ƙafa ya leƙa rufin.

"Alhaji, mi kaka son a yi mata? Motag ga lahiyatta lau."

Na nuna masa zanen. Ya ce wannan a sama yake. Fentin mota, in ji shi, "awa albasa shike, ɓawo bisa ɓawo": da farko firaima da ke kama ƙarfe, sai launi, sai kiliya, wadda ba ta da launi ko kaɗan, ita ce mai ƙyallin kuma ita ke shan rana. Zanen da nake gani duk a jikin kiliya yake. Abin da ya sa ya leƙa rufi kuwa, daga can take fara mutuwa: ta yi fari-fari kamar makero, sannan ta soma ɓarewa kamar saɓar maciji. "In kiliya ta tashi, ba ta da magani sai a hwesa sabuwa. Kada wani shi ce maka man shafawa na mai da ta." Tawa ba ta tashi ba. Game da siramik ya ce shi bai taɓa sawa ba, ba zai yi mini ƙarya ba. Ya dai ƙara da cewa in ina da kuɗin ɓatarwa in kafa rumfa a gida. Na yi dariya, na ba yaransa na goro, na tafi.

Shagon yaron ɗaki ne mai zurfi da ƙofar ƙarfe, an shafe ƙasan da siminti, an jera dogayen fitilu a bango. Bai kai shekara talatin ba. Abin da ya fara burge ni da shi, bai fara da siramik ba. Ya jero mini hawa huɗu na kare fenti. Na ƙasa shi ne kaki, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya a ƙasar Barazil, karnoba sunanta. Yana da arha, yana ba baƙin fenti wani irin zurfi, amma a zafinmu makonni kawai yake yi. Na biyu shi ne silan, ruwan roba ne da aka haɗa a masana'anta, yakan kai wata huɗu zuwa shida. Na uku siramik, wanda sinadarinsa silika ne, dangin yashi da gilas, yana kama kiliya ya daskare a kanta ya shekara biyu ko fiye. Na huɗu ba shafawa ake yi ba, wata leda ce mai kauri da ake liƙawa a gaban mota, kuma ya faɗa mini gaskiya ita kaɗai ce ke tare tsakuwa. Da ya ambaci kuɗinta na ce mu bar wannan zance, ba babur na zo saye ba.

Silan da goge sama-sama ya ce naira dubu 35. Siramik da cikakken goge, dubu 180. Muka yi ta ja, yana kawo mini kukan man janareta tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ina kawo masa kukan albashi, muka tsaya a dubu 140.

Sannan ya ɗauko wata 'yar na'ura kamar ƙaramar waya, ya riƙa dafa ta a jikin motar tana nuna lamba. Kaurin fenti take aunawa, da wani ma'auni da ake kira maikiron, wanda sai an tara dubu ake samun milimita ɗaya. Bonet ya nuna ɗari da 'yan kai, rufi ma haka. Ya ce fentin kamfani ke nan, gaba ɗayansa bai fi kaurin fallen takarda ɗaya ba, kiliya kuma ba ta kai rabin wannan ba. Da ya iso ƙofar baya ta hagu sai lambar ta yi tsalle ta haura 400, wani wurin ma ta doshi dubu. Ya dube ni.

"Yallaɓai, an taɓa buga motar nan?"

Na ce fes bodi aka sayar mini. Ya ce to wannan ƙofa dai ta ga fanabita, akwai foti a ƙarƙashi, an fesa mata sabon fenti. Wata takwas ina shiga ina fita ban lura ba. Wanda ya sayar mini ya rantse har da dafa ƙirji. Na bar shi da Allah, amma ranar na fahimci cewa ko don wannan awon kaɗai ya kamata mai sayen mota ya san da irin na'urar nan.

A gida uwargida ta tambayi nawa ne, na faɗa. Ta ajiye ludayin da ke hannunta. "Malam, buhun shinkafa nawa ke nan? Mota ce ko amarya?" Na ce rigakafi ne. Ta ce Allah ya ba da lafiya.

Ba nan da nan aka yi aikin ba. Lokacin ana tsakiyar damina, ya ce in jira. Ruwan siramik ba ya son danshi mai yawa, ba ya son ƙura, ba ya son zafin ƙarfe. Ƙwayar ƙura ɗaya in ta sauka kafin ya daskare, ta zauna ke nan. A garinmu kuwa sararin da ke tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hunturu ɗan kaɗan ne. Muka sa ƙarshen Oktoba, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in karɓa Litinin.

Na nemi izinin zama in kalla, don kuɗin sun yi mini yawa in miƙa makulli in juya. Ya ba ni benci.

Wankin farko da kumfa aka yi, da bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye soso, daga sama zuwa ƙasa. Na ɗauka an gama. Sai ya fesa wani ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai a jikin motar da wiloli. Ba a yi minti uku ba sai ga shi yana gangarowa ja-ja kamar an zubar da zoɓo. Ya ce ɓurɓushin ƙarfe ne, yawanci daga birki, da ya nutse a cikin fenti, maganin ke narkar da shi. Bayan an ɗauraye ya miƙo mini farar leda irin ta ƙulla gyaɗa, ya ce in sa hannu a ciki in shafa bonet. Da hannu tsirara santsi na ji. Ta cikin leda kuwa sai na ji kamar ina shafar bangon da ba a yi wa filasta ba. Ya ɗauko wani abu kamar ɗanko, ya murza shi ya yi faɗi, ya fesa ruwan sabulu, ya riƙa jan sa a hankali. Da farko ana jin ƙarar sa, shuu, shuu, can sai ta ɗauke. Ya juya ɗankon ya nuna mini, ya yi ƙasa-ƙasa da baƙin kwalta. Motar da nake cewa ana wanke ta duk mako.

Asabar aka yini ana goge. Nan ne aikin yake, kuma nan ne na ga abin da ba a nunawa a bidiyo. Ya liƙa salatif ya rufe robobin gilas da tambarin mota, ya kuma ja layi ɗaya ya raba bonet biyu. Ya ɗiga man gurza a soson injin, ya kunna, ya riƙa tafiya da shi sannu a hankali a ɓangare ɗaya, tsaye da kwance, kamar mai huɗa. Bayan kamar minti ashirin ya sauya soso mai laushi ya sake bi, ya goge da tawul, ya ɓare salatif ɗin, ya haska tocila.

Ɓangaren da bai taɓa ba toka-toka ne, cike da saƙar gizon nan. Ɗaya ɓangaren kuwa baƙi wuluk, kamar ka leƙa rijiya, ina iya karanta rubutun jikin ƙwan fitilar da ke bango a cikinsa. Na ce to ai shi ke nan, siramik ya yi aiki. Ya yi dariya ya nuna mini kwalbar a kan tebur, ko buɗe ta ba a yi ba.

Wannan ya tsaya mini a rai. Ƙyallin da ke sa mutum ya zaro kuɗi ba daga kwalbar yake fitowa ba, daga goge yake. Injin yana kankare saman kiliya ne kaɗan-kaɗan har ta sauko daidai da gindin zanen, sai haske ya daina warwatsewa. Shi ya sa ya fara da awo. Kowane goge yana cin 'yan maikiron da ba su dawowa, kuma a cikin kiliyar nan maganin da ke tare zafin rana yake. Akwai wani zane mai zurfi a kan but da farce ke kamawa, ya ce ba zai bi shi ba, in ya dage sai ya huda kiliya, gara a rage masa kaifi a bar shi. Na tuna da masu folish na bakin titi da ke kafa wa mota inji duk Sallah, na ji tausayin motocin.

Wutar nepa ta ɗauke wajen azahar, aka tayar da janareta. Yaransa biyu suna karɓar juna, shi yana bi da tocila. Sai bayan magariba suka gama, aka yayyafa ruwa a ƙasa don kwantar da ƙura, aka ja ƙofa.

Lahadi da sassafe, kafin gari ya ɗumama, aka soma shafin. Ya fara goge motar kaf da sifirit don cire maiƙon man gurza, in ba haka ba siramik ba zai kama ba. Sannan ya miƙo mini kwalbar ya ce in duba hatiminta in buɗe da kaina, don jabu ya yi yawa a kasuwa, akwai masu ɗura silan mai arha a tsohuwar kwalba. Mililita 50 ce. Turaren uwargida ya fi ta girma. Na riƙe ta ina lissafin dubu 140, na ce a raina gara da ba ta biyo ni ba.

Ya naɗe wani ɗan ƙyalle mai laushi a jikin soso mai kusurwa huɗu, ya ɗiga ruwan a jere, ya shafa a wuri ɗan kaɗan da bai fi rabin darduma ba, tsaye sannan kwance. Sai ya tsaya ya zuba ido. Cikin ƙasa da minti ɗaya wurin ya soma nuna launin bakan gizo, irin wanda fetur ke yi a kan ruwa. Nan take ya bi da tawul ɗaya, yaronsa ya bi da na biyu, aka haska tocila ta gefe. Ya ce duk sirrin a wannan ɗan tsakanin yake: ka yi gaggawa ka kwashe shi bai kama ba, ka yi jinkiri ya daskare da tudu. Kuma da rana ta ɗaga sai ya riƙa rage faɗin wurin, don zafi na sa shi saurin kamawa. Tawul ɗin da aka yi aiki da su a kwandon shara ya zuba, ya ce gobe za su yi tauri, in aka sake goge mota da su yanka ta za su yi.

Na tambaye shi kaurin abin da ya shafa. Ya ce maikiron ɗaya zuwa biyu. Na ce to ina 9H ɗin? Ya ɗan sosa ƙeya. Daga baya na bincika da kaina: ma'aunin fensir ne. Masu gwada fenti suna da jerin fensira daga mai laushi zuwa mai tauri, 9H na can ƙarshen masu tauri, ma'anar kawai ita ce bakin fensirin bai karce shi ba. Yashi kuwa ya fi kowane fensir tauri nesa ba kusa ba, shi da ke karce gilas. Da na san haka tun ranar da na kalli bidiyon laita, da na rage buri.

Motar ta kwana a rufe, don awa 24 na farko ko raɓa ba a so ta taɓa ta, kuma ya ce kada sabulu ya kusance ta sai bayan mako guda. Litinin na hau kabu-kabu na je ɗauka. Da aka fito da ita rana, gaskiya na ji daɗi, har masu shagunan gefe suka fito kallo. Amma a ranar ne kuma muka ga wani tabo a gefen but, duhu-duhu kamar sawun maiƙo, inda tawul bai kai ba. Ya riga ya daskare. Sai da ya sake sa inji ya kankare wurin ya shafa sabo, motar ta ƙara kwana. Bai karɓi ko kwabo ba, bai kuma yi gardama ba. Ya ba ni takardar garanti. Da na karanta a gida na ga shekara biyar ɗin tana da sharaɗi: in riƙa kawo ta duk wata shida a duba, da kuɗina, kuma kada a wanke ta da garin sabulun wanki. A cikinta babu inda aka ambaci karce.

Wankin farko bayan shafin abin kallo ne. Ruwa ya dunƙule kamar a kan ganyen gwaza, ya gangara da kansa, tawul ɗaya ya busar da mota. Yara suka riƙa ɗebo ruwa a kofi suna zubawa don su gani.

Sai hunturu ya sauka. Ƙura ba ta san an kashe kuɗi ba, ta kwanta a kan siramik kamar yadda take kwanciya a kan kowace mota. Wata safiya na fito da wuri na iske Baba maigadi, wanda ya fi shekara goma tare da mu, yana zagaya bonet da tsohuwar singileti busasshiya, yana murzawa da ƙarfinsa. A nan na gane inda saƙar gizon ta samo asali. Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga hamada, ta wajen arewacin Chadi, cike take da ɓurɓushin yashi. Ka danna ta da busasshen tsumma, ka yi wa motarka sanfefa ke nan. Kullum da safe, wata takwas.

Na gaishe shi, na ce, "Baba, don Allah a bar goge ta haka."

"Yallaɓai, ƙura ta, kaɗe ta kawai nika yi. In bar ka ka hita da mota awa ta kwana daji?"

Ransa ya ɓaci, don shi a wurinsa kyautatawa ce, ba wanda ya sa shi. Na fi jin nauyin wannan magana fiye da biyan kuɗin. Da yamma na kai masa goro, muka zauna, na haska masa tocilar waya a kan bonet ya ga sababbin zanen da idonsa. Muka yi yarjejeniya: gilas nasa ne, da ruwa. Bodi kuwa in ba za a kwara mata ruwa a fara kore ƙurar ba, a bar ta da dattinta. Haka na yi ta yawo da mota fari fat da ƙura kwana uku-uku, abokan aiki suna tambayata ina siramik ɗin.

Matsala ta biyu ban zata ba. Ruwan burtsatsen gidana yana da ɗan zartsi, irin mai barin fari a gindin tukunya. Da bazara ta shigo, ranar wata Asabar yaro ya wanke motar da hantsi a rana, aka kira shi aike kafin ya tsane ta. Waɗannan dunƙulallun ɗigon da nake alfahari da su suka bushe a inda suke, kowanne ya bar farin zobe. Bonet ya koma kamar jikin zabuwa. Wanki bai fitar ba. Na kira mai shagon, ya ce in haɗa ruwan khal da ruwa rabi da rabi in gwada a inuwa. Yawanci suka fita, kaɗan suka rage. Tun ranar ba a wanke ta sai da asuba ko bayan la'asar, a kuma tsane nan take.

Inda ya yi mini rana ba zan ɓoye ba. A ofis gindin dogonyaro muke rububin ajiye mota, kuma inuwar ba kyauta ba ce, tsuntsaye ke karɓar haya. A da in kashin tsuntsu ya yini a kan baƙin fenti mai zafi, sai ya bar tambarinsa ko an wanke. Yanzu jiƙaƙƙen ƙyalle nake ɗorawa minti biyu ya taso gaba ɗaya. Da damina na je Argungu gaida surukai, na dawo da dare bayan ruwa, gaban motar ya cika da ƙwarin da fitila ta jawo, gefenta kuma jar laka har madubi. Washegari tiyo kaɗai ya kwashe mafi yawa. Wankin da ke cin awa guda ya dawo minti ashirin da 'yan kai, ruwan ma ya ragu.

Inda bai yi komai ba shi ma ga shi. A hanyar Jega na bi bayan wata tifa, tsakuwa ɗaya ta taso ta fasa bonet har firaima. A bakin babbar kasuwa wani mai baro ya goga mini ƙofa, layin ya fito fari tas. Na kai wa mai shagon, ya duba, ya ce, "Yallaɓai, ai na gaya maka, wannan aikin leda ne." Ya gaya mini kuwa, ni ne na fi jin maganar bidiyo.

Wajen wata na tara na lura ruwa ya daina dunƙulewa a bonet da rufi, yana shimfiɗewa, ƙofofi kuwa suna nan yadda suke. Na tafi da shirin faɗa. Ya ce in ba shi awa biyu. Ya sake fesa mai warin ƙwan nan, ya yi wanki mai kyau, dunƙulewar ta dawo, ko da yake ba kamar ranar farko ba. Ya ce datti ne ya toshe saman. Ya fesa wani ruwan ƙari a kai, na biya dubu 15. Na ga alama shekara biyar ɗin nan a ƙasar da mota ke kwana a ɗaki aka ƙirga ta, ba a inda take yini a ranar Kebbi ba.

A tsakanin nan na yi wani gwaji ba da niyya ba. Uwargida tana da tsohuwar Corolla mai ruwan toka. Na sayi kwalbar silan ɗaya da 'yan tawul masu laushi, kuɗin duka bai kai abin da na biya na duba ɗaya ba. Wata Asabar na wanke ta, na shafa da hannuna, na goge. Duk wata uku ko huɗu nake maimaitawa, har yanzu kwalbar ba ta ƙare ba. Ruwa yana dunƙulewa a kanta, kashin tsuntsu yana tashi. Daga taku goma ba mai cewa ga wadda aka kashe wa dubu 140, don ruwan toka ba ya tona asirin ƙura ko zane. Ta sha faɗa mini haka, har a gaban baƙi. Iyakar amsata ita ce tata sai na ba da Asabar ɗina, tawa kuwa an yi an gama, kuma baƙar mota ba a haɗa ta da kowa.

Abokin aikina da ya sayi sabuwar mota fil a leda ya tambaye ni ko ya sa. Na ce shi kam ya sa, tun fentin bai sha wuya ba gogen ba zai yi yawa ba, yana da gareji, yana da yaron da zai koya wa wanki, kuma zai daɗe da ita. Wani kuma mai jigilar fasinja tsakanin Birnin Kebbi da Kamba, wanda motarsa ke shan garin sabulu da soson buhu a tasha kullum, na ce ya sayi taya. Da ni ne yau, goge zan biya a yi mini sau ɗaya mai kyau, in ɗora silan da hannuna, ragowar in kai wa mai walda ya kafa mini rumfa. Rumfar da dattijon nan ya ce, na kafa ta a ƙarshe, bayan bazarar farko, da kwano da turakun ƙarfe huɗu. Da na faɗa masa bai ce komai ba, ya ci gaba da gurzar abin da yake gurza.

Watan jiya na ɗan shiga matsi na yi tunanin sayar da motar, na kira wani dillali ya yi mata kuɗi. Na sa aka wanke ta da asuba, na fito da ita inda rana za ta same ta, na ajiye takardar garantin a kan dashbod. Ya zo ya tayar da inji ya saurara, ya kunna esi ya sa hannu, ya tambayi giya, ya tambayi takardun kwastan. Na ce masa an yi mata siramik. Ya ce, "Madalla, Alhaji." Ya bi jikinta yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, ƙofa bayan ƙofa, har ya iso ta baya ta hagu. Ya sake ƙwanƙwasawa, ya kara kunne.

"Wagga kam ta sha hoti," ya ce, ya zabge dubu ɗari biyu daga abin da ya fara faɗa. Na ce ya bari in yi shawara, na mai da ita ƙarƙashin rumfa.